Yadda Kalmar Bincike Ta Riga Ni Haye Gongola

Duk faɗin ƙasar Gombe, daga bakin kogin Gongola har duwatsun Tangale, babu makarantar da zan sa ƙafa ba a yanka mini kaza ba. Haka na faɗa wa abokan aikina a kwalejin horon malamai ranar da nake yi musu sallama. Na ƙara da cewa rabin hedimastocin ƙasar nan ni na koya musu riƙon alli, ɗaya rabin kuwa ɗalibaina ne suka koya musu. Ni ne Malam Abubakar na Bolari, wanda tsofaffin unguwa ke kira Bukar, kuma a lokacin ban ga abin da zai ƙaryata ni ba.

Ga dalilin tafiyar. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, makarantu na ta tsirowa kamar ciyawar damina. Ana horar da malamai cikin gaggawa a tura su ƙauye, kafin ka ce kwabo rabinsu sun gudu banki ko kamfani. Ni kuma ina neman babban digiri a jami'a can Zariya, a kan yadda ake riƙon malamai: me ke zaunar da malami, me ke korarsa, wa ke ci gaba da koya masa bayan ya bar kwaleji. Na rubuta babi uku masu nauyin buhun gero, malamin da ke duba aikina ya juya su ya ce, "Malam Abubakar, na ji abin da Turawa suka faɗa. Ina abin da malaman suka faɗa da bakinsu?" Ya ce in ban kawo muryoyinsu kafin makarantu su tafi dogon hutu ba, in haƙura da digirin. Hutu kuwa ranar Juma'a ne. Ga shi mai shayin ƙofar gidana ya riga ya fara kirana Dakta, ni kuma na riga na fara amsawa.

Litinin: Gombe zuwa Malam Sidi

Na fito ana kiran assalatu, ruwa na yayyafi. Uwargida Falmata ta ƙulle mini ƙuliƙuli a tsumma, na ce ta bar shi, inda za ni kaji na layi. Duk da haka ta cusa shi cikin jaka. Na sa kwat da laktaye, na maƙala tabarau, na rungumi rikodar da kwaleji ta ara mini, wadda nauyinta bai gaza na ɗan maraƙi ba.

A tashar Bolari na sami a-kori-kurar wani direba, Sale Sai-Gobe, wanda ya sami sunan saboda bai taɓa tashi a lokacin da ya faɗa ba. Ya ba ni gidan gaba. Muka tashi rana ta fara leƙowa, mutane da awaki da buhunan gishiri a baya, kowa na surutu.

Muna fita gari muka tarar da shingen sojoji, ganguna biyu da katako. Wani kofur ya leƙo, ya dubi rikoda, ya dube ni.

"Oga, ina zuwa?"

Na gyara laktaye na ce, "Bincike za ni yi a kan ma'aikatan makarantu."

Sai ya buga ƙafa ya ƙame, ya sara mini. Ko buhu ɗaya bai taɓa ba, da kansa ya janye katako. Kaina ya kumbura har hular da ban sa ba ta matse ni. Na ce a raina, ashe ilimi ya fara daraja a ƙasar nan. Abin da ban kula da shi ba, motar ta yi tsit, har awakin. Sale ya jefar da sigarinsa, ya kama sitiyari da hannu biyu kamar mai jarrabawar lasin. Da muka isa Malam Sidi ya ƙi karɓar kuɗin mota.

"Ranka ya daɗe, a dai tuna da mu da alheri. Ƙanina masinja ne a ofishin ilimi, yaron kirki, iyali sun yi masa yawa."

Na ce Allah ya raya, na wuce, ina mamakin me ya haɗa ni da ƙaninsa.

Makarantar farko tana wani ƙauye gabas da hanya, ba zan faɗi sunansa ba. Hedimastan ɗalibina ne, na taɓa yi masa bulala a kan guduwa kallon dambe. Na buɗe hannu zan rungume shi, sai ya durƙusa yana "ranka ya daɗe" kamar bai taɓa ganina ba. Ya jera mini malamansa a jikin bango, na kunna rikoda.

"Albashi na zuwa a kan lokaci?"

"Har riga lokacin yake yi, ranka ya daɗe."

"Akwai abin da ke damunku a aiki?"

"Babu. Mun gode wa gwamnati."

Ana haka ruwa na ɗiga daga rufi daidai tsakiyar kaina. Na nuna sama na ce, "Wannan fa?"

Hedimasta ya ce, "Da gangan aka bar shi, ranka ya daɗe. Don yara su ga darasin damina da idonsu."

Azahar ta yi, la'asar ta kawo jiki, ko ruwan sha ba a miƙo mini ba. Zakara ya ratsa filin makaranta yana taƙama, na bi shi da kallo, hedimasta ya sa aka kore shi. Na kwana a zauren mai gari, na ci ƙuliƙulin Falmata da ruwan randa. Ban taɓa cin abu mai daɗi da ɗacin rai irinsa ba.

Talata: Bajoga

Na sami babbar motar siminti mai zuwa Bajoga, na hau saman buhuna, na sauka fari fat kamar an tono ni. Na kakkaɓe na nufi makaranta ta farko. Yara na aji suna rera biyu sau biyu huɗu su kaɗai, babu malami ko na magani. Mai gadi ya ce zazzaɓi ya kayar da hedimasta da safen nan. A ta biyu aka ce hedimasta ya tafi jana'izar kakarsa. A ta uku ma kakar ce. Ranar nan kakanni sun mutu a ƙasar Bajoga fiye da na shekarar baƙon dauro, kuma duk kakannin hedimastoci.

Da yamma na ja ƙafa zuwa gidan Malam Yila, Batangale, abokina tun muna ɗalibai, yana koyarwa a sakandare. Matarsa Saratu ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, sai da na share malmala huɗu kafin bakina ya buɗe. Na ba shi labari tun daga sojan da ya sara mini. Yila ya yi dariya har ya zame daga kujera.

"Bukar, kai ba ka jin rediyo ne?"

"Ina ji mana."

"To me ake karantawa kullum a labarun rana?"

Sai na tuna. A 'yan watannin nan gwamnatin soja na sallamar ma'aikata, mutum na cikin cin abinci zai ji sunansa a rediyo, an kore shi nan take. Kuma kowace kora da kalma ɗaya take farawa: an yi bincike.

Yila ya ce, "Ka ce bincike, ka ce ma'aikata, ka ɗaura laktaye, soja ya sara maka. Sale Sai-Gobe ya baza a tasha cewa akwatin nan naka in mutum ya yi tari a gabansa, a Legas ake ji. Ni kaina da ban san ka kana lasar tukunya a kicin ɗin kwaleji ba, da yanzu na haura katanga."

"To kazar fa? Ko ruwa ba a ba ni ba!"

"Wa zai ba mai bincike kaza a rubuta ya ba da toshiyar baki?"

Saratu ta ce daga ƙofar kicin, "Ni ma tuwon nan a rubuta sadaka ce."

Suka yi ta dariya, ni kuwa ina duban kaset ɗina. Kwana biyu sun tafi, abin da na tara bai wuce "mun gode wa gwamnati" ba. Yila ya ce in haye kogi can bayan Nafada, inda mota ba ta zuwa, wataƙila labarin bai kai ba. Na cire laktaye na ba Saratu ta ɗaure akuya, Yila ya ara mini kaftani wanda ya tsaya mini a gwiwa.

Laraba: Nafada da ƙetaren kogi

Bayan sallar asuba wani malamin dabbobi ya ɗauke ni a motar ofishinsu. Hanyar Nafada a damina ba hanya ba ce, kunu ne. Sau uku muna kafewa, sau uku ina turi, a na ƙarshe taɓo ya haɗiye mini takalmi ɗaya, har yau yana can yana jiran ɗan'uwansa. Muka shiga Nafada da hantsi. Na sayi silifa a kasuwa, na ci gasasshen kifi a tsaye ba tare da na gaya wa kowa ko ni wane ne ba.

Gongola ta cika ta batse, ruwan ja wur. Na shiga kwalekwale na ɗora rikoda a ka, ina karanto duk addu'ar da na sani da wadda ban sani ba. Muna tsakiyar ruwa mai fito ya dube ni ya ce, "Kai ne mai binciken?"

Saura kaɗan in faɗa ruwa. "Wa ya gaya maka?"

"Ai tun jiya labarin ya haye. A kwalekwalen nan ma ya haye, wurin da kake zaune."

Daga gaɓa na taka cikin gonakin dawa har wani ƙauye da zan kira Wuro Kosam, don ba sunansa ke nan ba. Makarantar aji huɗu ce, biyu na kwano, biyu na zana. Hedimastan, Malam Buba, Bafulatani ne dogo siriri, furfura ta fara masa. Shi bai gudu ba, kakarsa ma ba ta mutu ba. Na same shi tsaye a ƙofar ofis da malamansa uku, a gefensa akwatin ƙarfe da tabarma a naɗe da buta. Mutumin ya riga ya ɗaure kayansa, jira kawai yake in faɗa masa an kore shi. Wannan ya taɓa ni.

Na ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Ba bincike na zo yi ba, nazari ne."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, nazari ai ƙanen bincike ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na ambaci jami'a. Duk tambayar da na yi, amsa ɗaya: "Jam tan." Wato lafiya kawai. Aiki? Jam tan. Gidan kwana? Jam tan. Bencin da ya karye da ni ina zaune a kai? Jam tan. Na koma gindin wata tsamiya na zauna, na ga digiri na tafiya ya bar ni, na ga mai shayin Bolari na mayar da ni Malam.

Ina nan sai ga wata mai tallar nono ta nufo mu da ƙwarya a ka. Yawuna ya tsinke. Malam Buba ya yi mata alama da hannu ta juya, kada a ce ya ba da toshiya. Nan haƙurina ya ƙare. Kuma nan Allah ya tuna mini ko jikan wane ne ni. Na miƙe na daka tsawa yadda duk makarantar za ta ji.

"Kai Bafulatani! Tun yaushe bawa ke ganin ubangidansa da yunwa ya kori mai nono?"

Malaman suka dubi juna. Malam Buba ya ɗago kai a hankali, karo na farko ya dube ni cikin ido.

"Ranka ya daɗe... kai Kolejo ne?" Haka Fulani ke kiran Babarbare.

"Bukar sunana! Kakana daga Borno ya zo da jakunan kanwa. Da ƙwarya ɗaya ya sayi kakanka, ya dawo gida yana kukan an cuce shi."

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani. Wasa ne tun na kakanni: zagi halal ne, fushi haram, cin amana kuwa ko a mafarki babu. Abokin wasanka zai tsiya maka a tsakiyar kasuwa, amma ba zai kai sunanka inda za a cuce ka ba. Kuma in ya jefe ka da magana, dole ka rama, in ba haka ba ka zubar da girman dangi.

Na ga leɓen Malam Buba na motsi. Tsoron gwamnati na ja ta nan, jinin Fulani na ja ta can. Jinin ya yi nasara.

"Wallahi na yi zargi," in ji shi. "Tun da na ga tumbin nan da wannan guntun kaftani. Jama'a, ku kwance kayana. Gwamnati ba ta lalace har ta aiki Babarbare bincike ba. Mutumin da ba ya iya gano takalminsa a ƙofar masallaci!" Ya ƙwala wa mai nono kira. "Dawo, Inna! Dama wa bawana fura, kada ya mutu a hannuna in yi asarar dukiya."

Dariyar da aka yi, na rantse sai da tsuntsayen tsamiya suka tashi. Kafin magariba an yanka kaza. Na ce a shaida, kazar nan tun Litinin nake bin ta bashi.

Alhamis: Wuro Kosam

Da safe muka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Na kunna rikoda, na yi ɗan gajeren bayani don share fage, sannan malamai suka buɗe baki. Jama'a, ashe rijiya ce aka rufe da faifai.

Malama Ladi, wadda aka turo daga Kaltungo, ta ce wata uku aka horar da ita aka jefa ta aji, ba wanda ya taɓa zama ya ga yadda take koyarwa sai a nan. Malam Garba, Bakano, ya ce sau huɗu ana yi masa canjin makaranta, bai taɓa ji daga bakin ofis ba, kullum a bakin direba yake ji. Ya ce kos na ƙaro ilimi kuwa kamar ruwan bazara ne, a kan na kusa da ofis yake sauka. Na tambaye su sufeto fa? Suka ce yana zuwa, ya duba farcen yara, ya ci abinci, ya kama hanya kafin kogi ya ƙaru.

Malam Buba ya ce, "Ni kaina wa ya koya mini hedimasta? Mabuɗi aka miƙo mini aka ce Allah ya taimaka. Ko kuɗin banki ba sa ɗauke malami kamar yadda shiru ke korarsa, Kolejo. Mutum ya shekara ba wanda ya ce masa ka yi daidai ko ka yi kuskure."

"To kai me ya hana naka gudu?"

Ya dubi malamansa. Malama Ladi ta ce, "Baffa, nuna masa mana. Ai bawanka ne."

Ashe kowace Alhamis bayan an tashi yara, malami ɗaya ke tsayawa gaban allo ya koyar da darasin da ya fi ba shi wuya, sauran su zauna a benci a matsayin ɗalibai, har da hedimasta. In ya gama a dama fura, kowa ya faɗi inda ya gane da inda ya ɓace. Malam Buba ya ɓoye abin shekara da shekaru, don ba ya cikin tsarin da ofis ya aiko, yana tsoron a ce ya ƙirƙiro bidi'a. Da ya ji mai bincike na tafe, ya ɗauka wannan ne laifin da aka gano.

Ranar Malam Garba ne ke da allo, darasin raba lamba. Aka matse ni a bencin 'yan aji uku tsakanin hedimasta da Malama Ladi. Malam Buba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan sabon yaron ya cinye mana benci." Ni kuwa ina zaune gwiwa a haɓa, zuciyata na buga ganga, don na san na sami abin da ya fi babi ukun nan nawa. Batir ya ƙare, muka aika Nafada aka sayo, shi ma ya ƙare. Kaset shida na cika.

Juma'a: komawa gida

Da sassafe makarantar duka ta raka ni bakin kogi. Malam Buba ya ba ni ƙwaryar man shanu, ya ce in shafa wa kaina ko ilimi zai shiga. Na ce in na zama Dakta zan dawo in 'yanta shi. Da kwalekwale ya tashi sai ya daina dariya, ya ɗaga murya ya ce, "Bukar, amana!" Na ce, "Amana, Buba." Shi ya sa har yau ba ku ji sunan ƙauyen ba.

Malamin dabbobi ya mayar da ni Bajoga, na yi Juma'a a can, na mayar wa Yila kaftaninsa, laktaye kuwa akuya ta riga ta ci rabi. Na hau jirgin ƙasa mai zuwa daga Maiduguri, na zauna a kan jakar kaset kamar kaza a kan ƙwai, muka shigo tashar Gombe rana na shirin faɗuwa.

Sauran labarin kun sani. Malamin Zariya ya saurari kaset ɗin ya miƙe tsaye ya ba ni hannu. Zaman Alhamis ya zama ƙashin bayan littafina, na koya wa ɗaliban kwaleji shi, yau akwai makarantun da ke yinsa ba su san daga gindin wace tsamiya ya fito ba. Mai shayi kuma bai yi ƙarya ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sannan ga Yila da Saratu, da malamin dabbobi, da malaman Wuro Kosam, da bawana Buba. Sale Sai-Gobe ma na yafe masa.

Amma a yammacin da na dawo, ko wanka ban yi ba na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kira Falmata ta zo ta ji abin da mijinta ya ƙetare kogi ya samo. Na sa kaset na farko na ranar Alhamis. Ta zauna tana tsinke zogale tana saurare. Fuskar farko ta ƙare, na juya. Ta biyu ta yi nisa, ina ta gyaɗa kai ina jin daɗin yadda bayani ke fita dalla-dalla. Da kaset ya tsaya ta ɗago kai, ta kakkaɓe zaninta.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. To su malaman, yaushe za su fara magana?"